Yadda ake zaɓar keken ɗaukar tukwanen iskar nutso

Tukunyar iskar nutso a cikin ruwa ba ta da wani nauyin a zo a gani. A tudu take nuna halinta, tsakanin but ɗin mota da bakin ruwa, kuma ciwon baya da faɗuwar tukwane sukan faru a wannan ɗan tsakanin. Akwai kuma dalilin lafiya da ya sa keken tura kaya ya zama dole ga mai yawan nutso: ana gargaɗin wanda ya fito daga ruwa da ya guji aikin ƙarfi, domin jikinsa na ɗauke da ragowar iskar naitirojin, kuma wahalar da jiki a wannan lokacin na iya ƙara haɗarin ciwon kumfar iska a jini. Wanda ya saɓa kilo 40 ya hau gangare minti goma bayan fitowarsa ya yi abin da aka hana.

Kekunan da ke kasuwa kuwa yawancinsu don kwali da buhu aka ƙera su. Tukunya zagayayya ce, tana da santsi, tana mirginawa, kuma a kanta akwai bawul da ke riƙe da matsin iska na bar 200 ko fiye. Don haka zaɓin yana da matakai, kuma tsarinsu yana da muhimmanci.

Mataki na farko: sikeli da tef ɗin awo

Kada ka ƙiyasta nauyin kayanka da ido. Ɗora su a kan sikeli yadda za ka tura su, wato tukunya a cike, da duk abin da ke jikinta.

Tukunyar alminiyam mai lita 11.1, wadda aka fi samu a wuraren haya, tana da kilo 14 da ɗoriya idan babu iska, kaurinta santimita 18.4, tsayinta wajen santimita 66 ban da bawul. Ta ƙarfe mai lita 12 iri biyu ce: doguwa mai kaurin santimita 17.1, da gajera mai santimita 20.4. Mai lita 15 ma kaurinta 20.4 ne, amma ta fi tsayi da nauyi. Iskar kanta tana da nauyi, abin da mutane da yawa ke mantawa: kowace lita dubu ta iska ta kai kilo 1.2, saboda haka lita 12 a matsin bar 232 na ɗauke da iskar da ta haura kilo 3. Tagwayen tukwane masu lita 12, da gadar da ta haɗa bawul ɗinsu, da maɗauran ƙarfe, da farantin baya, da na'urorin shaƙa, sukan wuce kilo 40 a cike. Ƙara dalmar ɗamara, wadda mai nutso ke ɗaurawa don ya iya nutsewa, kilo 4 zuwa 12 gwargwadon rigar nutso, da jiƙaƙƙun kaya a hanyar dawowa.

Abin da sikeli ya nuna, ninka shi biyu, shi ne mafi ƙarancin adadin da za ka yarda da shi a jikin takardar keken. Lambar da masu ƙera keke ke rubutawa ta kaya ce a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Idan taya ta faɗa rami ko ta sauko daga dakali, ƙarfin da ke dukan sandar taya ya ninka nauyin kayan na ɗan lokaci, kuma a nan ne sanda ke lanƙwashewa. Mai tagwaye ya nemi keken da aka rubuta wa kilo 100 zuwa sama. Ƙananan nan masu naɗewa na jan akwati, ko da an rubuta musu kilo 50 ko 70, ba su daɗewa a wannan aikin.

Sai faɗi. Tagwaye masu kaurin 17.1 sukan ci faɗin santimita 36, masu kaurin 20.4 kuwa wajen 42. Rubuta wannan lambar, za ka buƙace ta a gaba.

Mataki na biyu: taka hanyar da ƙafarka

Tuna wuraren da ka fi zuwa, ka bi hanyar tun daga inda mota ke tsayawa. Siminti ne ko tsakuwa? Akwai rairayi mai laushi, ko taɓo a bakin tafki? Akwai gadar katako ta hawa jirgi, mai tazara tsakanin katakan? Akwai matattakala, guda nawa? Ƙofa mafi ƙunci da za ka ratsa, nawa ne faɗinta?

Wurin da ya fi muni a hanyar shi za ka saya wa keke, ko da mita ashirin ne kacal cikin mita ɗari biyar. Keken da ke gudu sumul a kan kwalta ya kafe a rairayin ƙarshe bai raba ka da dako ba.

Mataki na uku: taya

A nan ya kamata kuɗinka da hankalinka su fi tsayawa.

Girma tukuna. Taya ba ta iya hawa abin da tsayinsa ya kai rabin faɗinta (wato tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama) ta hanyar ja kawai, kuma tun kafin a kai nan aikin ya yi tsanani. Ga misali a lissafe: kaya kilo 45, dutse ko gefen dakali mai tsayin santimita 3. Da taya mai faɗin santimita 13, sai ka ja da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 70 kafin ta haye. Da mai santimita 26, wajen kilo 37 ya isa. Ƙaramar taya kan tsaya cak, kayan kuma su ci gaba da tafiya, tukunya ta zame ta gaba. Saboda haka santimita 25 shi ne mafi ƙaranci ga duk hanyar da ba daɓe ba.

Tayar iska mai tif tana shanye girgiza, tana tafiya da kyau a tsakuwa da ciyawa da katako. Ana ba ta iska wajen bar 2, ko abin da aka rubuta a gefenta. Matsalarta sananniya ce: tana yin faci, kuma tana sacewa a hankali idan ta yi makonni a ajiye, sai ranar tafiya ka tarar ta kwanta. Mai irin wannan ya ajiye ƙaramin famfo da tif na safaya a mota.

Tayar da aka cika da soso mai tauri ba ta faci. Ta fi ta iska tsalle da ɗan nauyin turawa, kuma idan aka bar kaya masu nauyi a kanta kwana da kwanaki takan lotse ta gefen da ya taɓa ƙasa, ka ji keken na ɗingishi. Ga mafi yawan masu nutso ita ce zaɓin da ya fi kwanciyar hankali, muddin babu rairayi mai zurfi a hanya.

Rairayi kuwa ba ya jin lallashi. Siririyar taya, komai girmanta, nutsewa take yi ta koma garma. Abin da ke aiki shi ne tayar balan-balan, mai faɗin jiki da laushi, wadda ake ba iska kaɗan ƙwarai, bar 0.15 zuwa 0.3. Tana bajewa a kan rairayi, nauyin ya rarrabu. Akwai mai santimita 30, akwai mai 42 da abin da ya fi haka. Tana da tsada, tana cin wuri a mota, kaifin dutse ko fasasshen kwalba na huda ta, kuma idan ka hura ta da yawa ko ka bar ta a rana bayan ka cika ta, tana iya lalacewa. Famfon gidan mai ba nata ba ne, na hannu ake amfani da shi tare da ma'aunin ƙaramin matsi.

Akwai kuma masu ƙananan tayoyi uku-uku a kowane gefe, na hawa matattakala. A kan matattakalar siminti mai tsari suna taimakawa. Da zarar an sauka kan tsakuwa ko rairayi sun zama ƙananan tayoyi guda shida, kowace da inda yashi zai shiga. Sai wanda matattakala ce babbar matsalarsa.

Duba tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu. Idan ta gaza faɗin kayan, keken zai riƙa neman kifewa duk lokacin da taya ɗaya ta hau dutse. Ga tagwaye, nemi faɗin santimita 50 zuwa 55 daga wajen taya zuwa wajen taya, sannan ka gwada da ƙofa ko gadar da ka auna. Ka kuma tabbata tukunya ko rigar iska, wadda ake hura wa iska don daidaita nutsewa da tasowa, ba ta gogar taya idan an ɗora.

Abu na ƙarshe a nan shi ne cikin wilin. Boris na baƙin ƙarfe yana juyawa da daɗi a shago, amma ruwan gishiri da yashi na kashe shi cikin ɗan lokaci: ya fara kuka, ya yi tsatsa, ya cije. Bushin roba mai tauri a kan sandar ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi shi daɗewa a bakin teku, kuma wanke shi ba wuya. Sandar ta kasance guda ɗaya da ta ratsa daga taya zuwa taya, kaurinta milimita 16 zuwa 20, a riƙe tayar da fil mai cirewa. Da irin wannan fil kana iya zare tayoyi ka shigar da keken mota, ko ka sauya na soso da na balan-balan ranar da za ka je rairayi.

Mataki na huɗu: mazaunin tukunya

Keken tsaye mai taya biyu yana da harshe a ƙasa, inda kaya ke zama, da gadon baya inda suke jingina. Zurfin harshen ya kai kaurin tukunyar, wato santimita 20 zuwa 25. Gajeren harshe na barin rabin gindin tukunya a iska. Wanda ya yi tsawo da yawa kuma yana tokarar ƙasa a gangare, yana kuma sa mutum ɗora kaya nesa da sandar taya. Ga tagwaye, faɗin harshen ya ɗauki gindin duka biyun.

Lura da gindin tukunyarka. Na alminiyam a shafe yake, yana zama daram. Yawancin na ƙarfe a zagaye yake kamar ƙwai, sai da takalmin roba yake tsayawa, kuma tagwaye da yawa ba a sa musu takalmin. Zagayayyen gindi a kan harshen ƙarfe mai santsi zamewa yake yi. Maganinsa shimfiɗar roba mai kauri, ko katako da aka fafe gurbi biyu, a ɗaure shi a harshen.

Gadon baya mai lanƙwasa, ko mai siffar kwari, yana rungumar tukunya ɗaya ya hana ta mirginawa. Miƙaƙƙen gadon baya ya fi dacewa da tagwaye, domin su ba sa mirginawa. Idan kana ɗaukar iri biyun, sayi miƙaƙƙe ka yi masa matashin katako mai kwari wanda ake cirewa. Duk inda ƙarfen keke zai taɓa tukunya, a rufe shi da roba. Tsohon tiyo da aka tsaga aka sanya wa sandunan ya wadatar. Fentin tukunyar ƙarfe idan ya kankare tsatsa ce ke biyo baya, kuma zurfafan ƙarzuwa na iya sa tukunya ta faɗi a gwajin da ake mata lokaci-lokaci.

Sai tsayi, wanda mutane ke raina wa. Sandunan keken su zarce kan bawul. Idan keken ya kuɓuce ya faɗi ta baya, mariƙinsa ne zai daki ƙasa, bawul bai taɓa komai ba. Tukunyar da bawul ɗinta ya karye a cike harbawa take yi da ƙarfin da ke fasa bango, kuma ko bai karye ba, lanƙwasasshen makunni ko gadar tagwaye da ta goce sun isa su soke nutson ranar. Mariƙi a tsayin santimita 110 zuwa 125 ya dace da yawancin mutane, dogon mutum ya nemi na sama don kada ya riƙa tafiya a sunkuye yana dukan harshen da dunduniya.

Idan tukwane da yawa kake kwasa a lokaci ɗaya, misali huɗu ko shida na ƙungiya, amalanke mai taya huɗu ya fi. A nan kwantar da su ake yi, a sa katako ko tiyo a tsakaninsu don kada su yi karo, kuma kawunan su kalli gefe ɗaya, nesa da bangon amalanken. Ka tabbata ƙasansa mai tauri ne. Amalanken yadi na yawon shan iska yakan lotsa a tsakiya, tukwanen su taru a wuri ɗaya suna gugar juna. Kuma taya huɗu ba ta tsayawa da kanta a gangare, sai da birki ko waigi.

Mataki na biyar: ɗauri

Maɗauri biyu, ba ɗaya ba. Na ƙasa a kashi ɗaya cikin uku na tsayin tukunya, na sama a ƙasa da kafaɗarta kaɗan, inda jikin bai fara tsukewa ba. Maɗauri ɗaya a tsakiya yana zama kamar wurin juyi: tukunya ta karkata, gindi ya fice daga harshe.

Bel na yadi mai faɗin milimita 25 zuwa 50, mai kan da ke cije bel ɗin idan an ja, shi ya fi dacewa. Igiyar roba mai ƙugiya tana miƙewa daidai lokacin da ake bukatar ta riƙe, kuma ƙugiyarta idan ta kuɓuce fuska take nema. Bel mai jak yana da ƙarfi fiye da bukata: a kan tukunya tsirara ba laifi, amma a kan kayan da aka riga aka harhaɗa yana iya matse tiyo, ya tsinke jakar rigar iska, ko ya lanƙwasa sandunan keken alminiyam. Kada maɗauri ya bi ta wuyan bawul ko ta gadar tagwaye. Keken ya kasance yana da sandunan gicciye ko kunnuwa a waɗannan wurare biyu, in ba haka ba bel ɗin zai riƙa zamewa ƙasa.

Mataki na shida: ƙarfen da gishiri

Baƙin ƙarfe mai fenti ya fi arha da ƙarfi, kuma ga mai nutso a tafki ko ruwan daɗi ya isa. A bakin teku tsatsa na cin sa daga cikin bututun, inda ido ba ya gani, sai wata rana walda ta buɗe. Wanda aka tsoma a tutiya ya fi jurewa. Alminiyam ba shi da nauyi, keken kan tsaya a kilo 5 zuwa 8, kuma ba ya jan tsatsa, amma inda ya haɗu da noti ko ribit na wani ƙarfe, ruwan gishiri na sa shi cinyewa, ka ga farin gari a kewayen notin. Washar roba a tsakani na rage wannan. A ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316 ya fi mai 304 jure gishiri, sai dai wannan ƙarfen, kowane iri ne, yana da nauyi da tsada.

Keke mai naɗewa yana da daɗin ajiya, amma kowace gaɓa wuri ne na lalacewa. Gaɓar roba mai ribit ita ke fara sakin jiki. Idan but ɗinka zai ɗauki keke mai walda guda ɗaya bayan an zare tayoyi, shi ya fi. Idan dole sai mai naɗewa, nemi wanda harshe kawai ke naɗewa, a kan noti mai kauri da za a iya sauyawa. Auna but ɗin da tukwanen a ciki, ba a wofi ba.

Mataki na bakwai: gwaji da kaya a kai

Je da tukunyarka, ko abu mai nauyinta da tsayinta. Ɗora, ɗaure, taka sandar taya da ƙafa ka kwantar da keken zuwa gare ka. Akwai kusurwar da nauyin ke komawa kan tayoyi, hannunka ya ji sakayau. A keke mai kyau wannan kusurwar tana zuwa ne lokacin da mariƙi ke daidai ƙugunka kuma hannuwanka a sake. Idan sai ka sunkuya kafin ka same ta, ko kuma a tsayin tafiyarka nauyin na danne hannunka, tsarin keken bai dace da kai ko kayanka ba.

Girgiza shi hagu da dama ka saurari ƙara. Hau da shi dakali ta baya, ka sauko. Tsayar da shi a miƙe ka sake hannu, kana kusa: bai kamata ya nemi kifewa ta gaba ba. Juya kowace taya da hannu ka ga ko tana rawa a kan sanda.

Amfani da kulawa

Dalma a ƙasa take zama, a kan harshe kusa da sandar taya. Rataye ta a mariƙi na ɗaga nauyin sama, keken ya zama mai saurin kifewa. A gangare, ko hawa ko sauka, keken ya kasance ƙasa da kai: a hawa kana ja, a sauka kana riƙe shi yana gabanka. Gadar da ke sauka zuwa matsayar jirgi mai iyo tana ƙara tsayuwa idan ruwan teku ya janye, hanyar da ka bi da safe cikin sauƙi na iya zama tudu da yamma, kuma a jiƙe. Kada ka ɗaure keken a hannunka ko ɗamararka a kusa da ruwa. Idan ka tsaya, kwantar da shi ko ka jingina shi inda ba zai motsa ba, kuma a inuwa: matsin cikakkiyar tukunya na ƙaruwa da kusan bar 0.7 a kowane digiri ɗaya na zafi. Kafin ka fara turawa, rufe bawul, fitar da iskar da ke cikin tiyo, ka naɗe na'urorin shaƙa sama don kada su ja ƙasa ko su shiga taya.

Manyan tukwanen ajiya masu lita 50, irin na iskar oksijin ko hiliyam da ake haɗa iska da su, ba sa cikin wannan lissafin. Nauyinsu ya wuce kilo 60, tsayinsu ya kai mita ɗaya da rabi. Suna da kekensu na musamman mai sarƙa da lanƙwasasshen baya, wasu da ƙarin tayoyin tallafi, kuma ba a motsa su sai an cire na'urar rage matsi an murɗa hular ƙarfe a kan bawul.

Bayan kowace fita teku, wanke keken da ruwan daɗi, musamman cikin wili, gaɓoɓi da kawunan bel, ka juya shi ruwan cikin bututu ya tsiyaye. Sau biyu ko uku a shekara zare tayoyin, goge sandar, duba walda ta wajen harshe ko ta fara tsagewa. Boris na son giris mai jure ruwa. Bushin roba kuwa a bar shi a bushe, domin giris na tara yashi ya zama abin gurzawa. Duk lokacin da ka taɓa giris ko mai, wanke hannunka kafin ka taɓa bawul, musamman na tukunyar da ke ɗauke da iska mai yawan oksijin, domin maiƙo da oksijin a ƙarƙashin matsi na iya kama wuta.